Yadda ake shiga fadamar Everglades da jirgin fanka don ganin kadoji da tsuntsaye

Idan Allah ya kai ka jihar Fulorida ta Amurka, ko karatu ne ya kai ka, ko taro, ko ziyarar 'yan uwa, ka ware rabin yini ka fita bayan birnin Mayami ta yamma. Kafin ka cika awa ɗaya a mota dogayen benaye za su ɓace, sai fili shimfiɗe iya ganinka, ba tudu ba dutse, daga ciyawa sai sararin samaniya. Baƙo zai ɗauka makiyaya ce, alhali kogi ne yake kallo. A asalinsa ruwan yana malalowa ne daga tafkin Okeechobee ya gangara kudu zuwa teku, faɗinsa wajen kilomita 100, tsawonsa wajen kilomita 160, amma a wurare da yawa zurfinsa bai kai gwiwa ba, kuma tafiyarsa a hankali take har ido ba ya gane yana motsi. Wannan ita ce fadamar Everglades. A 1947 aka keɓe kudancinta a matsayin gandun dajin ƙasa, a 1979 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Jirgin ruwa mai injin da ke nutse a ruwa ba ya iya ratsa irin wannan wuri, domin ciyawa da taɓo za su naɗe masa farfela nan take. Shi ya sa mutanen yankin suka rungumi wani irin jirgi da Turawa ke kira airboat, mu kuwa mu ce masa jirgin fanka. Ƙasansa a shafe yake kamar faranti, a bayansa an kafa ƙatuwar farfela irin ta jirgin sama cikin kejin ƙarfe, injin mota mai ƙarfi ko na ƙaramin jirgin sama yana juya ta. Iskar da take hurawa baya ita ce ke tura shi gaba, sai ya yi ta sulɓi a kan ruwan da ko idon sawu bai rufe ba.

Abubuwa biyu game da wannan jirgi ya kamata su zauna maka a kai tun kafin ka taka shi. Na farko, ba shi da birki kuma ba shi da ribas. Matuƙi yana zaune ne a kujera mai tsawo, ƙafarsa a kan totur, hannunsa na hagu riƙe da sandar da ke karkata wasu faifai biyu a bayan farfela, kuma idan ba iska a kan faifan nan jirgin ba ya juyawa. Tsayawa sai dai a saki totur ruwa ya rage masa gudu. Na biyu, ƙararsa ta wuce misali. Tsuntsu yana jin sa tun daga nesa ya tashi, kada ya nutse. Saboda haka duk abin kirkin da za ka gani a wannan tafiya, za ka gan shi ne a lokacin da matuƙi ya rage wuta ko ya kashe inji gaba ɗaya. A kan wannan maganar na gina duk shawarwarin da ke ƙasa.

Mataki na farko: zaɓi wata da sa'a

Kudancin Fulorida yana da rani da damina kamar yadda muka sani. Rani yana kamawa daga wajen Disamba zuwa Afrilu, damina daga Mayu zuwa Nuwamba. In kana da zaɓi, je da rani. Ruwa yana janyewa, kifaye su taru a 'yan kududdufan da suka rage, tsuntsaye su bi kifi, kadoji su ma su hallara a wurin. Abin da za ka sha wahalar nema da damina, da rani a wuri ɗaya za ka tarar da shi. Ga sauro ya yi sauƙi, ga zafi ya ragu. Janairu zuwa Maris su ne zaɓina. A ƙarshen rani, wajen Afrilu da farkon Mayu, akwai shekarun da ruwa ke ƙafewa har jiragen su kasa shiga tsakiyar ciyawa, sai su tsaya a magudanan da aka haƙa da inji. Ka buga waya ka tambaya kafin ka biya.

Da damina dabbobi suna warwatsuwa saboda ko'ina ruwa ne, kuma kusan kullum da la'asar hadari yake haɗowa da tsawa. Jirgin ƙarfe a fili fetal ba wurin zama ba ne idan ana walƙiya, don haka kamfanoni sukan dakatar da fita. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kuma lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne. In dole da damina za ka, kama jirgin farko na safe.

Batun sa'a yana bin jikin kada ne. Shi ba ya samar wa kansa ɗumi, da rana yake dogara. Ranar da gari ya wayi da sanyi, sai hantsi ya ɗaga za ka gan su sun fito bakin gaɓa sun miƙe suna shan rana, wani ma baki buɗe. Ranar zafi kuwa, da rana ta take sai su koma cikin ruwa da inuwa. Tsuntsaye sun fi kai-komo da sassafe da kuma dab da faɗuwar rana.

Mataki na biyu: zaɓi wurin da za ka shiga

Mafi yawan gandun dajin an hana jirgin fanka shiga cikinsa. Inda aka yarda shi ne wani yanki na arewa maso gabas da aka ƙara wa gandun a 1989, kuma kamfanoni uku ne hukumar gandun ta ba izinin ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a can: Coopertown, Everglades Safari Park da Gator Park. Dukkansu suna bakin titin Tamiami, wato babbar hanya mai lamba 41, wadda aka kammala a 1928 don haɗa Tampa da Mayami. Idan ka ƙara gaba a kan titin za ka isa yankin ƙabilar Miccosukee, 'yan asalin ƙasar da kakanninsu suka fake cikin wannan fadama lokacin yaƙe-yaƙen da sojojin Amurka suka yi da su a ƙarni na 19. Su ma suna da jiragensu, kuma sukan tsaya da baƙi a wani tsibiri mai itatuwa su nuna musu rumfunan ganyen kaba irin waɗanda iyayensu suka zauna a ciki. Ga wanda yake son jin labarin wurin daga bakin masu shi, wannan ya cancanci ƙarin tafiyar.

Wanda ya sauka a Fort Lauderdale yana da tashoshi kusa da shi ta yamma. A garin Everglades City, can gefen yamma, jiragen suna bi ne ta cikin lungunan itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri, rassansu sun haɗe a sama kamar soro. Kyakkyawan wuri ne, sai dai ba shi ne filin ciyawar da ake gani a hotuna ba. Wanda ke Orlando kuma zai samu jirage a tafkunan yankin Kissimmee, inda ruwan Everglades ke faro tafiyarsa.

Kowanne ka zaɓa, tambayi ko kuɗin tikitin ya haɗa da kuɗin shiga gandun dajin. Daga farkon 2026 an ware wa baƙin da ba mazauna Amurka ba kuɗin shiga mai tsada a wasu manyan gandayen ƙasar, har da wannan, don haka ka duba shafin hukumar a intanet kafin ka tsara kasafinka.

Mataki na uku: babban jirgi ko ƙarami

A nan ne yawancin mutane suke yin asarar tafiyarsu. Babban jirgi yana kwasar mutum 20 zuwa 30, ya zaga da su na minti 30 ko 40 a kan hanyar da ya saba bi. Yana da araha, kuma in kana tare da yara ƙanana ko dattijo wanda ba zai jure dogon zama ba, ya wadatar. Amma araha ba ta ado. Rabin lokacin a gudu yake ƙarewa, wanda ke tsakiyar benci kuma kafaɗun mutane zai fi gani.

Ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum huɗu zuwa shida yana shiga inda babba ba zai iya ba, yana yin awa ɗaya ko biyu, kuma kana iya ce wa matuƙi ya dakata ka ƙare kallo. Kuɗinsa ya ninka na babba sau da yawa, amma idan ku biyar ne kuka yi karo-karo, abin ba ya yin nauyi. Ni dai na gwammace in rage sayayyar tsaraba in hau ƙarami.

Kafin ka biya, yi wa mai sayar da tikiti tambayoyi kai tsaye. Minti nawa ne a kan ruwa, ban da wasan da ake nunawa a tasha? Sau nawa ake kashe inji? Akwai abin toshe kunne, har da na yara? Akwai rigar kariya daga nutsewa daidai jikin yaro? Dokar Fulorida ta wajabta wa yaron da bai kai shekara 6 ba sa wannan riga a ƙaramin jirgi muddin yana tafiya. Tun Yulin 2019 kuma doka ta ce duk matuƙin da ke ɗaukar fasinja don kuɗi sai ya yi kwas na tuƙin jirgin fanka, bayan wata ɗaliba da ta kammala jami'a ta rasu a hatsarin irin wannan jirgi a 2017. Ba rashin kunya ba ne ka tambaya ko matuƙinka yana da wannan shaida. Mai juna biyu da mai ciwon baya ko wuya su faɗa tun a waya, domin jirgin yana jijjiga, wasu kamfanonin ma ba sa ɗaukar su.

Mataki na huɗu: abin da za ka sa da abin da za ka riƙa

Ka tuna akwai ƙatuwar fanka a bayanka tana zuƙar iska, ga kuma iskar gudu tana bugun fuskarka. Duk abin da ba a ɗaure yake ba ya tafi. Ajiye zanna-bukar ɗinka a masauki, babbar riga ma ba ranarta ba ce. Sa riga mai dogon hannu marar nauyi da wando, da hular da ke da igiyar ɗaurewa a haɓa. 'Yar uwa, gyale mai yawo ba zai yi ba. Sa ƙaramin hijabi mai kama fuska, ki cusa gefensa cikin riga, a nan za ki samu natsuwar kallo. Tabarau yana kare ido daga iska da ƙwari, in ka samu irin wanda ke kashe ƙyallin ruwa har kifi za ka hango a ƙasa. Da rani ka riƙo rigar sanyi, saboda iskar safiya a kan jirgi mai gudu tana ratsa jiki kamar ta hunturu.

Sai ruwan sha, man kare fata daga rana, maganin sauro na shafawa, da madubin hangen nesa in kana da shi. Waya kuwa ka ɗaura mata igiya a wuyan hannu. Wadda ta faɗa ruwan nan ta zama ta kada, kar ka kuskura ka miƙa hannu.

Abinci: shagunan tashoshin suna sayar da soyayyen naman kada da cinyar kwaɗo, kuma sau da yawa a mai ɗaya ake soya su da dankali. Wanda ke kiyaye abin da zai ci ya taho da guzurinsa. Sannan ga wata magana da ba za ka ji ta a bakin kowane kamfani ba, domin ba su san da ita ba: idan lokacin salla ya riske ka, yi alwala a famfon tasha ko da ruwan gorarka, nesa da gaɓa. Kar ka tsuguna a bakin magudanar da ke gefen titi ko da ruwan ya yi kyau ya kwanta luf. Mutumin da ya durƙusa a bakin ruwa, a idon kada, ƙaramar dabba ce ta zo sha.

Mataki na biyar: a kan jirgi

Iso da wuri, kamar rabin awa kafin lokaci. Kujerar gaba ko ta gefe ta fi gani, kuma ta fi nisa da ƙarar inji. Yara a sa su tsakiya, babba a kowane gefe. Toshe kunnenka kafin a tayar da inji, kar ka bari sai ƙara ta dame ka. Hannu da gwiwar hannu su zauna cikin jirgi. Ba don kada kaɗai ba: ciyawar da ta rufe fadamar tana da ƙananan haƙora a gefen ganyenta kamar zarto, idan ta shafi fata a guje sai ta tsaga. Kar ka miƙe tsaye sai matuƙi ya ce.

Da farko za a bi magudana a hankali, sannan a buɗe wuta a fili. Jirgin zai riƙa zamewa ta gefe a kwana kamar mota a kan taɓo, yara su yi ta ihu. Bar su su more. Naka rabon yana zuwa ne lokacin da farfela ta yi juyinta na ƙarshe ta tsaya.

Cire abin kunnenka a wannan lokacin. Shirun da zai sauko sai ka ji kamar an ɗauke maka kaya daga ka. Can sai ka fara jin ruwa yana lasar cikin jirgi, ciyawa tana shafar juna, kwaɗi suna amsa wa junansu. Kar ka nemi kada sukutum, ba haka yake nuna kansa ba. Nemi 'yan ƙululu uku a kan ruwa tsakanin ganyen bado: biyu a baya su ne idanu, ɗaya a gaba shi ne hanci. Matuƙa suna da wata dabarar awo, kowane inci ɗaya tsakanin ido da hanci yana nufin kusan ƙafa ɗaya ta tsawon jiki. Idan ka yi shiru, sau da yawa shi da kansa zai taso, wutsiya tana kaɗawa sannu a ƙarƙashin ruwa, ba ko fantsama, ya tsaya ɗan nesa yana kallonku da idon nan mai tsaga a tsaye.

Irin kadan da za ka gani shi ne wanda suke kira aligeta, baƙi, mai faffaɗan baki kamar shebur. An kiyasta akwai wajen miliyan 1.3 a Fulorida, alhali a 1967 sai da aka sa shi cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa saboda farautar fatarsa, kafin a tabbatar ya farfaɗo a 1987. Akwai kuma kada mai tsinin baki, ɗan uwan wanda muka sani a kogunanmu, kuma kudancin Fulorida ne kaɗai wurin da waɗannan biyun suke zaune tare a duniya. Sai dai shi mai tsinin baki ruwan gishiri-gishiri yake so, don haka a cikin gandun an fi ganin sa can Flamingo, a ƙarshen kudancinsa, inda ayu ma yakan leƙo kusa da tashar jiragen ruwa.

Macen kada tana tara ciyawa ta yi tsibi ta saka ƙwai a Yuni ko Yuli, su ƙyanƙyashe a Agusta ko Satumba. 'Ya'yan ba su wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba, da ratsin rawaya a jiki, suna wani ɗan kuka siriri. Duk inda ka ji kukan nan, uwar tana kusa ko ba ka gan ta ba.

Kar kada ya ɗauke maka hankali daga tsuntsaye, domin an ƙidaya sama da iri 350 a gandun. Za ka ga manyan zalɓe masu ruwan toka tsaye da ƙafa ɗaya, da farare tas kamar balbela amma sun fi ta tsawo. A ƙarshen ƙarni na 19 an kusa ƙarar da waɗannan fararen saboda gashinsu da ake yi wa hulunan mata ado a Turai da Amurka, har mafarauta suka harbe wani mai gadin tsuntsaye, Guy Bradley, a 1905. Akwai anhinga, wanda ke iyo jikinsa duka a nutse sai dogon wuya a sama kamar maciji, in ya fito ya hau reshe ya shanya fukafukai. Akwai wani shaho mai lanƙwasasshen baki wanda kusan ba ya cin komai sai dodon koɗin ruwa. Wadda ta fi kwanta mini a rai ita ce wata kazar ruwa mai launin shuɗi da kore da shunayya, baki ja mai rawaya a tsini, yatsunta dogaye rawaya. Tana takawa a kan ganyen bado ɗaya bayan ɗaya, ganyen ya ɗan nutse ya taso, ita ko a jikinta.

Abin da ba a yi

Ba a ba kada abinci. Haramun ne a dokar Fulorida, kuma dalilin a bayyane yake: kadan da ya saba samun abinci a hannun mutum ya daina tsoron mutum, ƙarshensa a kashe shi. A 2012 wani matuƙin jirgin fanka a Everglades City ya rasa hannunsa a bakin kada a gaban fasinjojinsa, aka kashe kadan, shi kuma aka tuhume shi da laifin ciyar da shi. Idan ka ga matuƙi yana jefa alewa ko kifi a ruwa don ya jawo su, ko yana kutsa jirgi cikin tsuntsayen da ke kan sheƙa don a samu hoto, kar ka yaba masa, ka kuma faɗa wa masu kamfanin. Haka ɗan kadan da ake ɗaure wa baki a riƙa miƙa wa mutane don ɗaukar hoto a wasu tashoshin, ni ba na riƙewa, ba na kuma son a koya wa yara cewa haka ake yi da halittar Allah.

Damisar Fulorida kam kar ka sa rai, manyan da suka rage ba su wuce 230 ba a ƙiyasin hukuma. Ƙananan dabbobi irin su zomo ma sun yi ƙaranci ƙwarai, saboda mesar ƙasar Bama da masu kiwonta a gida suka saka a daji, ta hayayyafa ta cinye su. In kuma ka lura da wata doguwar ciyawa mai kai kamar gero ta cunkushe bakin magudana, mutumin Haɗeja ko Nguru zai gane ta nan take: dangin kachala ce. A Everglades takin da ke gangarowa daga gonakin rake na kudancin tafkin Okeechobee ne yake ciyar da ita har take korar ciyawar asali. Tambayi matuƙinka game da ita, da kuma gadojin da aka ɗaga a titin Tamiami tun 2013 don ruwa ya samu hanyar wucewa kudu. Yadda zai amsa zai nuna maka ko ɗan fadama ne ko direba kawai.

Bayan ka sauka

Al'adar ƙasar ce a ba matuƙi ɗan hasafi a hannu, don haka riƙe takardun dala ƙanana. In ya kashe inji ya ba ku lokaci, ƙara masa, ka kuma gaya masa dalili.

Sannan kar ka juya Mayami tukuna. Ci gaba yamma a kan titin zuwa Shark Valley, wata ƙofar gandun inda babu jirgin fanka ko ɗaya. Akwai hanyar kwalta mai zagaye ta kilomita 24 da ake bi da keken haya ko da motar gandun mai buɗaɗɗen gefe, a tsakiyarta da hasumiyar da za ka hau ka ga fadamar ta kowace kusurwa. Da rani kadoji suna kwanciya a bakin kwaltar, wani lokaci a kanta. Ƙa'idar gandun ita ce ka bar aƙalla mita 5 tsakaninka da su, yaro kuma hannunsa cikin naka. Wurin ajiye motoci yakan cika tun da hantsi a watannin rani, saboda haka in ranar Asabar ce ko Lahadi, juya tsarin: fara da Shark Valley da sassafe, ka bar jirgin fanka zuwa bayan la'asar.